Yadda Ake Shirya Gida Mai Yara Kafin Hunturu Ya Kankama

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi, da zarar an sare dawa an kai amfanin gona rumbu, aikin da ke gaban maigida shi ne tare iska. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu takan kaɗo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, kuma da asuba sanyi kan sauka kusa da digiri 12. Babba zai daure, jariri kuwa ba zai iya ba.

A fara da danga. Karan dawa yana nan a tare a gona, sai a zaɓi masu kauri a sabunta darnin da ke fuskantar gabas da arewa, a ɗaure shi tamau, a ƙara zana inda ya yi shara-shara. Daga nan a shiga ɗakin da yara ke kwana. Duk tsagar da damina ta bari a bango, a kwaɓa ƙasa a yaɓe ta. A rataya labule mai kauri a ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma. Amma kada a liƙe taga gaba ɗaya, a bar kafar da iska za ta riƙa shiga.

Dalilin barin kafar nan shi ne kaskon wuta, kuma nan ne na fi jin tsoro. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. A rufaffen ɗaki takan sa ciwon kai da jiri, wani lokaci mutum ya wuce cikin barcinsa. Saboda haka a hura gawayi a tsakar gida har ya ruru, a shigar da shi ya ɗumama ɗaki, sannan a fitar a kashe kafin a kwanta. Kada a ajiye kasko kusa da gidan sauro ko katifa. Kara da harawa kuma a jibge su nesa da murhu, domin a wannan bushewar tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida har da rumbu.

Sai sutura. Gara a sayi rigunan sanyi na gwanjo tun a Nuwamba, a Ƙofar Wambai ko kasuwar ƙauye, kafin su yi tsada. Kowane yaro ya samu hula da safa. Kada a kwantar da su a tabarma kan daɓe tsura, a shimfiɗa buhu ko tsohon bargo a ƙarƙashi.

Wanka a bari sai hantsi, da ruwan ɗumi, a shafe su da man kaɗanya ko basilin, musamman leɓe da dunduniya, don gudun faso. Kafin su fita makarantar allo ko ta boko, a ba su kunu ko koko mai zafi.

Mura da tari ba sa rasuwa a wannan lokaci. Amma idan uwa ta ga ɗanta yana numfashi da sauri, ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, domin yana iya zama ciwon limoniya.