Hoto a Matsayin Matani: Hawan Daba da Rayuwar Talaka a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Manazarta Hausa sun daɗe suna ɗaukar waƙa da zube da wasan kwaikwayo a matsayin madubin al'umma, amma hoto bai samu irin wannan kulawa ba. Wannan maƙala tana ganin cewa hoto ma matani ne, yana da abin da yake faɗa da abin da yake sakayawa.

Hoton Bahaushe a Idon Ƙasa

Tun daga dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 zuwa ta bikin FESTAC a 1977, doki da rawani da alkyabba suka zama tambarin Arewa cikin kamannin Nijeriya. George Osodi ya bi wannan layi a jerin hotunansa na sarakunan Nijeriya, inda ya ɗauki Sarkin Kano Ado Bayero. Sanya Hawan Daba na Kano cikin kundin UNESCO a 2024 ya ƙara wa tambarin ƙarfi.

Rano da Kibiya

Rano tana cikin Hausa Bakwai. A 2019 aka ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, sannan aka maido da ita mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. A irin wannan dambarwa, hoton hawan Salla da ke yawo a Facebook yakan zama hujjar asali da ikon sarauta. Sai dai manomin dawa da gyaɗa, da mai tallar fura, da matashin da ya tafi cirani, ba safai suke shiga wannan hoto ba, alhali su ne akasarin jama'a.

Rufin Asiri

Dalilin wannan giɓi yana cikin al'ada. Bahaushe ba ya son tsayawa gaban kyamara sai cikin kayan Salla, domin bayyana rashi tonon asiri ne. Baƙo kuwa yakan ɗauki almajiri da ƙoƙonsa ba tare da izini ba. Na farko ya ɓoye hali, na biyu ya zubar da mutunci. Fati Abubakar ta nuna hanya ta uku a aikinta na Bits of Borno da ta fara a Maiduguri a 2015: ta ɗauki 'yan kasuwa da 'yan makaranta cikin halin rikici, ba tare da ta ƙasƙantar da su ba.

Kammalawa

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su tattara hotunan da ke hannun masu shagon hoto na Rano da Kibiya, su rubuta sunan wuri da shekara, su adana su a wurare irin Gidan Makama. In ba haka ba, masu nazari na gaba za su gaji hoton fada kaɗai, su ɗauka shi ne tarihin ƙasar baki ɗaya.