Kwanon da Ba Zai Dawo Ba

Karatu: Luka 14:12-14

Kun san ciyayya a Gaya da Ajingi: da magariba yara su kai tuwo gidan maƙwabta, su ma su aiko da nasu. Amma idan damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai kwano ya riƙa zuwa gidan masu iya ramawa kaɗai. Gwauruwa da marayu su kwana da yunwa.

Yesu ya umarce mu mu ciyar da wanda ba shi da abin ramawa. Allah ne mai biya.

Zumuntar mata, ku raba kwanakin mako gida-gida, kowane dare tuwo ya shiga gidan da babu, na Kirista ko na Musulmi.

Addu'a: Ruhu Mai Tsarki, nuna mana maƙwabciyar da ba ta ɗora tukunya ba yau. Cikin sunan Yesu, Amin.