Daga Roba-roba Zuwa Babban Babur: Nasiha ga 'Ya'yana Samari

'Ya'yana samarin Ikara da Maƙarfi da Kudan, duk shekara idan kaka ta yi, aka sayar da masara da waken soya, aka fara saran rake, sai sababbin babura su cika gari, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Da yawa daga masu su yara ne da suka tashi a kan roba-roba, ana aikensu kasuwa da ita ko su kai ƙannensu makaranta, yau kuma Allah Ya hore musu Boxer ko Jincheng ko TVS na ƙashin kansu. Ina taya ku murna, Allah Ya sa alheri, Ya tsare. Sai dai ku riƙe magana ɗaya daga bakin babanku: wanda ya ƙware a roba-roba bai iya babban babur ba tukuna. Ɗan koyo ne, kuma zaman lafiyarsa yana cikin yarda da hakan.

A kan roba-roba hannun hagu ba shi da wani aiki sai riƙon kai da danna oda. Ka taka giya, ka murɗa totur, ta ɗauke ka. A babban babur kuwa wannan hannun ne mai riƙe da kuloci. Ka sake shi da garaje, babur ya zabura da kai, ko ya mutu a tsakiyar titi alhali mota na tafe a bayanka. Wanda ya saba da irin ƙaramin babur ɗin nan marar giya ya fi kowa buƙatar lura, domin a can abin da hannun hagu ke matsawa birkin baya ne. Ranar da akuya ta gitta masa, hannu zai koma ga abin da ya saba, ya damƙe kuloci yana zaton birki ne, babur kuwa ya ci gaba da tafiya sakaka. Ga nauyi ya ƙaru, ga kujera ta ƙara tsawo, ga tanki tsakanin gwiwoyi.

Saboda haka kada ka ji kunyar komawa filin ƙwallo ko filin makaranta da yamma, tare da wani yayanka da ya daɗe yana hawa. Ka koyi tashi da tsayawa, da juyawa a wuri matsattse, da tashi a kan hawa ba tare da babur ya koma da baya ba, har hannu da ƙafa su riƙa yi ba sai ka tuna ba. Kafin nan kada ka goya kowa, kada kuma ka hau babban titi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kula da birki. Na san yara da yawa suna tsoron birkin gaba, wasu har kwance shi suke yi. Wannan kuskure ne, domin idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, kuma mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Abin koyo shi ne haɗa biyun, ana matsa na gaba a hankali ana ƙarawa, ba fizga ba. Inda ake sassauta masa shi ne cikin kwana, da kan yashi ko tsakuwa ko laka. Ku kuma san lissafin gudu: mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin babur ya tsaya ninkawa yake yi sau huɗu.

Hanyoyinmu ma kowacce da halinta. Wanda ya fito daga Maƙarfi ya iso Tashar Yari ya shigo babban titin Zariya zuwa Kano, inda tirela da tankar mai ke wucewa. Direban babbar mota ba ya ganin wanda ya manne a gefensa ko a gindinsa. Idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Iskar motar kaɗai tana iya ture ka. A hanyar Hunƙuyi da Likoro, ko ta Paki da Auchan, ga shanu, ga amalanke, ga yara 'yan makaranta, ga ɓawon rake mai santsi ranar kasuwa. Da hunturu hazo ya rufe gaba, da damina ruwa ya ɓoye rami. Ka kunna fitila cikin hazo, kada ka cire madubi don ado, kuma ka ba da sigina kafin ka karya kwana.

Na san babur a wurinmu abin neman abinci ne. Shi ke kai taki gona, ya fito da kwandon tumatir daga fadama, ya kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Amma buhu mai kilo 100 a baya yana sa gaba ya yi sakayau, kai ya riƙa rawa, birki ya yi nisa. Ka fara da kaya kaɗan, ka ɗaure tamau. In kuma acaba za ka yi, ka tuna duk wanda ya hau bayanka ransa ya ba ka amana. Goyon mutum uku ko huɗu ba ƙwarewa ba ce. Idan mace ta hau, ka tabbata ta tattare hijabinta da zaninta kafin ka tashi, don sarƙa da taya ba sa jira.

Sai hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, amma har yau a garuruwanmu wanda ya sa sai a riƙa kallonsa. Ɗana, bari su kalla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, idan an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin 100. Karayar ƙafa ana ɗora ta, a asibitin Shika ko a asibitin ƙashi na Dala, amma kai idan ya bugu ba kullum ake dawowa daidai ba. Ka ɗaure igiyarta a haɓa, ka sa takalmi rufaffe, ka bar silifa a gida.

Wajen saye, musamman na hannu, kada araha ta ruɗe ka. Ka karɓi rasit, ka gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke takarda, a yi ciniki gaban shaidu. Ka yi rajista ka ɗaura lamba, ka nemi lasisin babur idan ka cika shekara 18. A wannan zamani na rashin tsaro, babur marar takardu yana iya jawo wa mutumin kirki zargin da bai ji ba bai gani ba. Sabon inji kuma ba a matsa masa. Ka juye baƙin mai a kan lokacin da littafinsa ya faɗa, ka riƙa duba iskar taya da sarƙa da birki kowace safiya, ka riƙe bakanike ɗaya mai gaskiya.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne wasa da babur wajen rakiyar amarya da ranar sallah: ɗaga kai, sakin hannu, tsere a cikin jama'a. Masu yi maka tafi ba su za su yi jinyarka ba, mahaifiyarka ce za ta kwana a gefen gado. Haka nan duk wanda ya ce ka sha ƙwaya don ka jure aiki, ba masoyinka ba ne. In ka gaji, ka ajiye babur ka huta.

'Ya'yana, guminku ne da gumin iyayenku a cikin wannan babur. Ku koya kafin ku hau titi, ku sa hula, ku rage gudu, ku yi addu'a idan za ku fita. Ku kuma iyaye da yayye, kada ku miƙa wa yaro makulli sai kun ga hawansa da idonku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.