Tambaya da Amsa: Daga Yauƙin Kuɓewa Zuwa Zaren Auduga

TAMBAYA: 'Yata da ke sakandare ta jiƙa irin ɗoɗɗoya a kofi, kafin a jima kowace ƙwaya ta lulluɓe da farin yauƙi kamar ƙwan kwaɗo. Wai an koya musu cewa yauƙin nan sukari ne, haka na kuɓewa, har da auduga. Ni kuwa shekara ashirin ina kaɗa miya ban taɓa jin zaƙi a kuɓewa ba. Gaskiya ne, ko yarinyar ce ba ta fahimta ba?
Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Yarinya ta fahimci darasinta, ke ma harshenki bai yi miki ƙarya ba. Ƙwayar sukari idan tana ita kaɗai, harshe yana jin zaƙinta. Amma tsiro yakan jera dubbanta a sarƙa guda, kamar 'ya'yan carbi, kuma da zarar an jera su zaƙin ya tafi. Wannan sarƙa ita masana ke kira folisakarayid. Yadda aka ƙulla ta shi ke sa ta zama tuwo, ko zare, ko yauƙi.

Duba sitacin masara da zaren auduga. Dukansu da sukari iri ɗaya aka yi su, wato gulukos. A sitaci sarƙar nannaɗewa take yi, cikinmu kuma ya san yadda zai warware ta. A auduga kuwa kowace ƙwaya a juye take da maƙwabciyarta, sai sarƙar ta miƙe sambal, ta kwanta jikin 'yan uwanta, su zama dami mai wuyar tsinkewa. Sunansa selulos, kuma wani Bafaranshe, Anselme Payen, ya gano shi a 1838. Mu ba ma iya narkar da shi. Saniya ma da taimakon ƙananan halittun da ke cikin tumbinta take cin moriyar ciyawa.

Jikin tsiro ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da bangonsa. Kin ga yadda magina ke cuɗa ƙasa da ciyawa don kada gini ya tsage? To haka bangon yake. Selulos shi ne ciyawar. Ƙasar da ke cike tsakani kuwa wasu sarƙoƙin ne, babbansu fektin, mai tsananin son ruwa, wanda kuma ke manne ɗaki da ɗaki. Idan mangwaro ya nuna ya yi luguf, fektin ɗinsa ne tsiron ya datsa da kansa.

A nan aikinki ya shigo. Sinadarin kalsiyam ne ke ɗaure sarƙoƙin fektin da juna, shi ya sa wake ke taurin kai a tukunya. Kanwa na sassauta wannan ɗauri ta kuma tsinka sarƙar, sai ɗakunan su rabu, wake ya dahu da wuri. Abu mai tsami kuwa, irin su tumatir da lemo, jinkirta nunar yake yi idan aka zuba shi tun farko. Yauƙin kuɓewa ma dangin fektin ne: dogayen sarƙoƙi da suka sha ruwa suka sarƙe da juna, shi ya sa miyar ke bin ludayi.

Sai irin ɗoɗɗoya. Tun yana jikin uwarsa, ɗakunan ɓawonsa ke tara wannan yauƙi, ya bushe a ciki. Da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, ya fasa bangon waje ya fito, siraran zaren selulos kuma su riƙe wani sashe nasa a jikin ƙwayar. Guzuri ne uwar ta yi wa ɗanta: yana riƙe masa danshi idan ruwan sama ya ɗauke, yana kuma manne shi da ƙasa don kada iska ko kwazari su tafi da shi.

Auduga, wadda ku mutanen Funtuwa kuka fi kowa sani, ita ma daga ɓawon iri take. Kowane sili guda ɗaki ne tilo da ya tsiro daga fatar gurya, ya yi tsawo, ya cika bangonsa da selulos har kusan kashi 90 cikin 100, sannan ya bushe.

Saboda haka ki sa yarinya ta jiƙa gurya da irin ɗoɗɗoya a kofi biyu, ta dube su gefe da gefe. Ɗaya ya yafa zare, ɗaya ya yafa yauƙi, alhali duka da sukari aka saƙa su. Ke kuma ki nuna mata abin da kanwa ke yi wa wake, don wannan darasin a madafinki ya fi fitowa fili.