Daga Ina Launin Ƙwai Yake Fitowa?

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Chanchaga, ina cikin darasin kiwon kaji sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, don me ƙwan kazar babata fari ne, na maƙwabcinmu kuwa ja-ja?" Ban tsaya tunani ba na ce masa abinci ne ya bambanta su. Yara arba'in suka rubuta wannan a littattafansu. Da na koma kwaleji na bincika, sai na tarar ƙarya na koya musu. Domin kada wani ya faɗa ramin da na faɗa, ga abin da na samu.

Launin ɓawon ƙwai gado ne. Ko dawa ka ba kaza, ko masara, ko dusa, irin ƙwan zuriyarta za ta yi. Ƙwai yakan yi wajen awa 25 kafin ya kammala a cikin kaza, wajen awa 20 daga ciki kuwa na ginin ɓawo ne. Ɓawon fari yake farawa. Kaza mai jan ƙwai takan shafa masa launi ne daga waje, galibi a sa'o'in ƙarshe. Shi ya sa in ka fasa jan ƙwai ka leƙa cikin ɓawon za ka gan shi fari. Wannan gwaji ne da kowane malami zai iya yi a aji.

Kazar Leghorn, wadda asalinta Italiya ne, farin ƙwai take yi. Rhode Island Red ta Amurka ja-ja take yi, haka ma Shika Brown da masanan Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar a Shika, kusa da Zariya. A ƙasar Chile kuma akwai Araucana mai shuɗin ƙwai, shuɗin ya ratsa ɓawon ciki da waje. A 1933 wani masani na Ingila, Punnett, ya nuna shuɗin nan yana rinjayar fari wajen gado. In ya gamu da ja, ƙwan yakan fito tsanwa.

To, mai son tsayar da launi ɗaya a akurkinsa, yaya zai yi? Da fari ya gane kowace kaza da ƙwanta, ya rubuta. Sa'an nan ya zaɓi ƙwan da ya fi cika launi ya sa wa mai kwanci. Kada ya manta da zakara, gama ko da yake ba ya ƙwai, rabin gadon daga wurinsa yake. Sai a nemi wanda aka ƙyanƙyashe daga irin ƙwan da ake so. Abin yana son haƙuri: kwana 21 na kwanci, sa'an nan wata biyar ko shida kafin sagara ta fara ƙwai a ga sakamako.

Amma fa a lura, launi ba ya ƙara wa ƙwai amfani a jiki. Wanda ya bi launi kaɗai, ya bar kaza mai lafiya da yawan ƙwai, ya yi hasara.

Ranar Litinin na koma aji da ƙwai biyu, na ce wa yaran su soke abin da suka rubuta. Lalle na ji kunya, amma yaron nan da kansa ya fasa jan ƙwan, ya nuna wa 'yan ajin farin cikin ɓawon.