Ƙwayoyin Cuta Dangin RNA: Jan Hankali ga Mutanen Ƙasar Gumel

Jama'ar Lautai, na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai wata al'ada da ta zame mana jiki. Yaro ya kwana da zazzaɓi da tari, gari na wayewa a aika kemis a sayo kafso. In ya warke a ce kafso ne, in bai warke ba a ce jabu aka sayar mana. Alhali sau da yawa maganin lafiyarsa lau, cutar ce ba tasa ba.

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Akwai baktiriya, masu kawo kwalara da mashaƙo da sanƙarau ɗin da ke addabar mu da bazara. Waɗannan maganin kashe baktiriya yana cin su, in likita ne ya rubuta. Akwai kuma bairos, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ko madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya nuna shi. Ba ya hayayyafa da kansa, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum ko dabba ya sa ta aikin ƙera masa 'ya'ya. Kafso ba ya yi masa komai.

Kowane bairos yana ɗauke da rubutaccen umarnin yadda za a ƙera irinsa. Wasu a kan wani zare da ake kira DNA aka rubuta nasu, kamar na agana da ƙarambau. Wasu kuma a kan ɗan'uwansa RNA. A 1971 wani masani Ba'amurke, David Baltimore, ya kasa bairos rukuni-rukuni bisa irin zaren da yadda ake kwafarsa. Yau rukunan bakwai ne, huɗu daga ciki na RNA ne, kuma a kansu za mu yi magana.

Na farko masu zare biyu. Wanda ya shafe mu a ciki shi ne Rota, mai sa jarirai amai da gudawa har maɗiga ta faɗa. Iyaye mata kan ce haƙori ne. Abin da ke ceton yaro shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki da ci gaba da ba da nono. Tun 2022 Najeriya ta sa ɗigon riga-kafinsa cikin na jarirai, a mako 6 da 10 da 14.

Na biyu masu zare ɗaya wanda jiki ke karantawa kai tsaye. Nan taron yake da yawa: shawara da sauro ke kawowa, da korona da ta shigo Legas a Fabrairun 2020, da ciwon hanta nau'in A da C da E, da kuma shan inna. A kan shan inna ya kamata mu daɗe, don mun ga abin da ta yi. Ta kashi take fita, ta baki take shiga. Da aka dakatar da riga-kafi a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta yi tsalle zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, masu unguwanni suka riƙa bin ma'aikata gida-gida, sannan aka ci ƙarfinta. Yaro na ƙarshe da shan inna ta asali ta kama a Najeriya a Borno yake, a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Amma kada a miƙe ƙafa. Ɗigon da ake yi wa yara raunanniyar ƙwaya ce a ciki. Inda aka ɗiga wa kusan kowa, nan take mutuwa. Inda aka bar yara da yawa ba a yi musu ba, tana iya yawo daga wannan zuwa wancan har ta sake yin ƙarfi. Haka aka gani a Jigawa a 2018, kuma a shekarar irin wannan ƙwayar ta ɓulla a Magarya da Tanut cikin jihar Damagaram ta Nijar. Wanda ya san yadda ake cika kasuwar Maigatari ranar Alhamis, daga Najeriya da Nijar, ba zai yi mamaki ba. Masu ɓoye 'ya'ya a ɗaka in 'yan riga-kafi sun zo, su ne ke buɗe mata hanya.

Na uku su ma zare ɗaya ne, amma a juye, sai bairos ɗin ya shigo da na'urarsa ta juya shi. A nan manyan makasa suke. Ƙyanda, wato baƙon dauro, ta fi kowace saurin yaɗuwa: yaro ɗaya na iya shafa wa 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya. Da rani take tashi, kuma bayan ƙuraje takan bar makanta ko kurumta ko ciwon huhu. Allura biyu ke tare ta, a wata 9 da wata 15. Makiyaya su lura, 'yar'uwarta ce bushiya, wadda ta sha share garken shanu a zamanin kakanninmu. Da allura aka yaƙe ta, har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011.

Cikin rukunin nan akwai zazzaɓin Lassa, mai sunan garin da aka fara gane shi a Borno a 1969. Ɓera ne ke zuba shi a abinci ta fitsari da kashi, saboda haka a rufe hatsi da gari, a daina shanya a gefen hanya. Akwai Ebola, da ta shigo Legas a 2014 aka tare ta cikin wata uku. Akwai murar tsuntsaye da ta fara kashe kaji a Kaduna a 2006. Sai haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana da wuya a tashi. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe.

Na huɗu shi ne mai mayar da RNA ɗinsa DNA ya liƙe cikin halittar mutum, wato ƙanjamau. Shi ya sa ba a rabuwa da shi, amma mai shan maganinsa kullum yana rayuwa kamar kowa, mai ciki kuma tana iya haihuwar jariri lafiyayye.

Me ya sa wannan dangi ya fi wuyar sha'ani? Wajen kwafar RNA ake yawan kuskure, kamar almajirin da ke rubuta allo ba malamin da zai duba masa. Yawancin kurakuran lalata bairos ɗin suke yi, amma jefi-jefi ɗaya kan ba shi sabuwar kama. Dalili ke nan da ake sabunta allurar mura kowace shekara. Ƙyanda da shawara kuwa ba su iya kauce wa allurarsu ba. Ta shawara ma guda ɗaya ta isa har tsufa.

Kaɗan ne cikinsu ke da magani na kansu. Ciwon hanta nau'in C ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12, Lassa kuma sai an je da wuri. Yawancin sauran, riga-kafi ne da tsabta.

Don haka, maigida, yau ka ce a ɗauko maka katin riga-kafin kowane yaro ka duba da idonka. In akwai gurbin da ba a cike ba, a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gumel. Allurar kyauta ce.