Nazari A Kan Tara: Sufeto Gently Da Sajensa

Gidan talabijin na BBC a Ingila ya yi wani wasan kwaikwayo na 'yan sanda mai suna Inspector George Gently. An fara nuna shi a 2007, aka gama a 2017. Amma labarin da ke ciki na zamanin da ne, tsakanin 1964 da 1970, a arewa maso gabashin Ingila, wajen Durham da Newcastle. Ba mu kawo maganarsa domin nishaɗi ba. Akwai abin da zai taimake mu gane Yaƙub 2:1-9, inda manzo ya kira nuna tara zunubi. A karanta wurin tukuna.

Mutum biyu ne manya a wasan. Sufeto Gently dattijo ne wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, an kuwa kashe matarsa tun a farkon labarin. Sajensa, John Bacchus, saurayi ne mai kaifin kai, amma yakan yanke wa mutum hukunci da ganin fatarsa ko jin asalinsa, tun ba a bincika ba. Sau da dama sai Sufeto ya tsawata masa, ya komo da shi kan shaida.

A wani kashi da aka nuna a 2012, an tsinci gawar wata yarinya baƙar fata, a shekara ta 1968. Masu wasan ba su zaɓi shekarar a banza ba. Ran 4 ga Afrilu aka harbe Martin Luther King a Amurka, wata biyar bayan Jami'ar Newcastle ta ba shi digirin girmamawa. Ran 20 ga watan wani ɗan majalisa, Enoch Powell, ya yi jawabi a Birmingham yana tsoratar da Turawa da zuwan baƙi. Shugaban jam'iyyarsa, Edward Heath, ya tuɓe shi daga muƙaminsa washegari, duk da haka mutane da yawa suka goyi bayansa. A shekarar nan ce kuma aka yi dokar da ta hana a ƙi ba mutum aiki ko gidan haya saboda launin fatarsa. Sai da doka, 'yan'uwa, a ƙasar da ta aiko mana da masu bishara!

Mu dubi Bacchus da kyau, gama shi ne ya fi kama da mu. Ba mugu ba ne. Yana ƙin kisankai, yana son aikinsa. Abin da ya ji a gida da kan titi tun yana yaro shi ne yake faɗa, bai kuwa taɓa tsayawa ya auna shi ba. Irin wannan tara ta fi wuyar magani, domin mai ita bai san yana da ita ba. Ko Bitrus bai tsira ba. Ya riga ya ga wahayi a Yafa, ya shiga gidan Karniliyus, ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai. Amma a Antakiya, da waɗansu suka zo daga wurin Yaƙub, sai ya janye, ya daina ci tare da 'yan'uwa marasa kaciya, har Barnaba ma ya bi shi. Tsoron bakin mutane ne. Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14).

Ekklesiyar Ingila fa, ina take a lokacin? A 1948 jirgin ruwa Empire Windrush ya kawo mutane daga Jamaika, waɗansu suka biyo baya dubu-dubu. Da yawansu Kirista ne tun daga gida. Suka tafi sujada ran Lahadi, aka karɓe su da sanyin fuska, har akwai waɗanda aka roƙa kada su sake zuwa. Waɗansu suka kafa nasu majami'u, waɗansu suka bar sujada ɗungum. Sai a Fabrairu 2020 babban taron Ekklesiyar Angilikan ta Ingila ya roƙi gafara a fili, bayan shekara 72.

Da sauƙi mu girgiza kai domin laifin Turawa, da yake mu ne masu baƙar fata. Amma a majami'unmu kabilu da yawa ne suke sujada da Hausa. In za a zaɓi dattijo, halinsa muke tambaya ko garinsu? In saurayi mai bi ya nemi 'yarmu, me muke fara bincikawa? Sabon tuba da danginsa suka kora, gidan wa yake cin tuwo?

Ekklesiya ta fari ta gamu da wannan (Ayyukan Manzanni 6:1-7). Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce a yi shiru domin zaman lafiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu rabon. A karanta sunayensu a aya ta 5: dukansu sunayen Helenanci ne, na ƙarshensu kuwa, Nikolas mutumin Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne.